Yadda Za Ka Hana Ruwan Kaji Daskarewa a Ƙasashen Ƙanƙara

Hunturun Kano ko na Zinder yana fasa leɓe da kaushi, amma ba ya mai da ruwan kasko dutse. Shi ya sa wanda ya tashi da kiwon kaji a gida, sannan zama ya kai shi Minesota, Toronto, Winnipeg ko wani ƙauye a Jamus, yakan shirya wa sanyin farko ta inda bai kamata ba. Hankalinsa yana kan yadda zai ɗumama akurki, alhali lafiyayyar kaza mai cikakken gashi tana jure sanyi fiye da yadda ake zato, don zafin jikinta ya kai kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ba ta jurewa shi ne ƙishirwa da jiƙewa. Aikinka a lokacin sanyi shi ne ruwa ya zauna ruwa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, akurki kuma ya zauna a bushe.

Abin da ya sa ba a wasa da ruwan

Kaza mai yin ƙwai tana shan abin da ya kama daga rubu'in lita zuwa rabin lita a wuni, wato wajen ninki biyu na nauyin abincin da take ci. Ƙwan kansa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Abincin kaji na buhu busasshe ne ƙayau, in babu ruwa ba ya wucewa yadda ya kamata, sai kazar ta rage ci. A lokacin sanyi kuwa abincin nan shi ne makamashin da take ɗumama jikinta da shi. Wuni guda ba ruwa ya isa ya karya yin ƙwai, kuma dawowarsa kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Za ka ga kaji suna tsattsagar dusar ƙanƙara, kada wannan ya kwantar maka da hankali. Zafin da ake bukata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara daidai yake da wanda zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga sifili zuwa digiri 80, kuma daga jikin kazar zai fito.

Abu ɗaya da ke sauƙaƙa aikin: kaji ba sa sha da dare. Da duhu ya yi sun hau sandar kwana, ba su sauka sai gari ya waye. A Disamba, hasken rana a Landan ko Winnipeg awa takwas ne ko kusa da haka, a Miniyafolis bai cika tara ba. Waɗannan awannin su ne abin tsarewa, musamman awar farko, don da ƙishirwar dogon dare suke saukowa.

Fara da sanin sanyin wurinka

Ruwa yana daskarewa a sifili na Salshiyas, wato 32 a ma'aunin Farenhait da ake amfani da shi a Amurka. Ka rataye ma'aunin zafi a inda mazubin yake, daidai tsayin kaza, ba a tagar kicin ba. Wanda ke riƙe mafi ƙarancin abin da aka kai cikin dare ya fi amfani.

In sanyinku irin na kudancin Ingila ne, inda yakan sauka digiri biyu ko uku ƙasa da sifili da dare sannan ya haura da rana, ba ka bukatar lantarki. In yana zama tsakanin -5 da -12 kwana da kwanaki, dabarun da ba na wuta ba za su ƙara maka awanni ne kawai, sai ka haɗa da sauya ruwa sau biyu ko uku a wuni. In kuwa kana inda -20 ba labari ba ne, ko kuma aiki yana fitar da kai tun asuba sai dare, to hita ce mafita, sauran duk taimako ne.

Iska ba ta iya sanyaya ruwa fiye da sanyin gari, amma tana gaggauta kai shi can. Mazubin da ke bakin iska zai riga wanda ke bayan kariya daskarewa nesa ba kusa ba.

Inda za a ajiye ruwan

A farfajiyar kaji, ba cikin ɗakin kwanansu ba. Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure, don hankali yana ba mutum cewa ciki ya fi ɗumi. Ruwan da ke ciki yana zuba a kan shimfiɗa, wanda aka ɗumama kuma yana tururi. Ga numfashin kajin, ga danshin kashinsu. Duk wannan laima tana taruwa a sama, ta sauka a kan zanko da naman da ke lilo a ƙarƙashin bakinsu, sanyin dare ya daskarar da ita a wurin. Da safe sai ka ga bakin zankon ya yi fari, bayan kwanaki ya koma baƙi. In ka shiga akurki da sassafe ka ga raɓa ko farin ƙanƙara a jikin taga ko ƙarƙashin rufi, laima ta yi yawa, ka ƙara kafar iska can sama da kan kajin.

A farfajiyar, ka zaɓi kusurwar da ke kallon kudu, don a waɗannan ƙasashe rana ta kudu take bi a lokacin sanyi. Ka rufe ɓangaren da iska ke bugowa, galibi arewa da yamma, da leda mai kauri wadda haske ke ratsawa, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya a sama a buɗe. Rufi a kan mazubin yana da amfani biyu: yana tare dusar ƙanƙara, yana kuma hana kashin tsuntsayen daji faɗawa ciki. Idan ko'ina ya daskare, ruwan kajinka ne ke jawo su, ta nan kuma murar tsuntsaye ke samun hanya.

In babu lantarki

Da farko ka daina amfani da mazubin roba mai ja da fari ɗin nan da aka saba da shi. Ruwan da ke tirensa siriri ne, shi ke fara daskarewa ya toshe ƙofar, sauran ruwan yana ciki amma ba ya saukowa. Ƙanƙara kuma tana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ta tsaga robar. Na ƙarfe mai bango biyu ba ya tsagewa da wuri, amma yana manne wa juna har ka kasa buɗe shi sai ka kai shi cikin gida.

Abin da ke aiki shi ne baƙin baho na roba mai lanƙwasa, irin wanda shagunan kayan dabbobi ke sayarwa don dawaki da awaki. Ka sayi biyu, masu cin lita 8 zuwa 12. Baƙi yana kama zafin rana, robar ba ta fashewa, in ruwan ya daskare kifewa za ka yi ka taka bayansa, ƙanƙarar ta faɗo dunƙule guda. Ruwa mai yawa ya fi kaɗan jinkirin daskarewa, saboda haka ka cika shi ko da kajinka huɗu ne.

Sai ka yi masa gida da tsohuwar tayar mota wadda bakinta ya yi daidai da bahon. Kwantar da tayar a inda rana ke bugu. Cusa busasshiyar ciyawa ko tattaka a cikin cikinta, zagaye ɗaya, ka danna sosai har ba sauran gurbi. A tsakiya ka sa guntayen katako su raba gindin bahon da ƙasa, don ƙasar da ta daskare tana zuƙe zafi. Sannan ka zaunar da bahon yadda bakinsa zai yi daidai da saman tayar. In za ka yi amfani da farin soson nan da ake cusawa a kwalin firji, ka tabbata ya ɓuya gaba ɗaya, don kaji suna cin sa kamar an ba su tsaba.

Yanzu zafi ta sama kawai yake fita. Ka ɗora katako ya rufe kashi biyu cikin uku na bakin bahon, ka danne shi da bulo. Wannan yana rage fuskar ruwan da iska ke taɓawa, yana kuma hana kaza faɗawa ciki. Kazar da ta jiƙa ƙafa a sanyin -15 tana iya rasa yatsu.

Tsarin wuni kuwa: da hasken farko ka fito da ruwa mai ɗumi, irin wanda hannu ke jurewa, ba tafasasshe ba. Da azahar ka duba, in ya yi ɓawo ka sauya da baho na biyu. Awa ɗaya kafin faɗuwar rana ka sake ba su sabo, su sha kafin su hau sanda. Da dare ka zubar, ka kife bahon ko ka shigar da shi gida. Ka zubar da ruwan nesa da hanyarka da ta kajin, don gobe santsi zai zama. In kana so ka ƙara lokaci, cika gorar roba mai kauri da ruwan zafi, ka ɗaure murfin tam, ka tsoma ta cikin bahon; zafin da ke cikinta zai bi ruwan sannu a hankali.

Akwai dabaru biyu da suka yaɗu a intanet waɗanda amfaninsu bai kai sunansu ba. Ɗaya ita ce jefa ƙwallon tebur a ruwan don iska ta riƙa motsa shi. Tana ɗan jinkirta ɓawon farko in akwai iska kuma sanyin bai wuce digiri ɗaya ko biyu ƙasa da sifili ba. Ɗayar ita ce gorar ruwan gishiri da ake bari tana yawo a bahon. Gaskiya ne ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya daskarewa sai wajen -21, amma ruwan cikin gorar ke nan. Ba ya ba na waje zafi ko kaɗan. In murfin ya yi yoyo kuma an gudu ba a tsira ba, don gishiri mai yawa yana kashe kaji. Kada a zuba gishiri a ruwan sha, kada kuma ruwan hana daskarewa na lagireton mota ya kusanci wurin, guba ne.

In akwai lantarki: waya kafin hita

Ruwa, ƙura, busasshiyar ciyawa da wuta a wuri ɗaya, ba abin yi da ka ba ne. Soket ɗin da za ka ja wuta daga gare shi dole ya kasance mai yanke kansa in wuta ta sami hanyar zurarewa. A Amurka da Kanada GFCI ake ce masa, za ka gan shi da maɓallai biyu a fuskarsa. A Ingila da sauran Turai RCD. In babu, akwai na tafi-da-gidanka da ake sawa tsakanin soket da waya. Ka danna maɓallin gwajinsa sau ɗaya a wata.

Wayar ta zama wadda aka yi don waje, guda ɗaya mai tsawon da ya isa, ba biyu ko uku da aka jona ba. A Amurka, mai lambar kauri 14 ta wadatar wa tazarar mita 30 da irin wannan ƙaramin nauyi. Lambar tana raguwa, kaurin wayar yana ƙaruwa. Mahaɗar fulogi da waya ka sa ta cikin akwatin roba mai hana ruwa, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta shiga akwatin, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a can. Duk inda waya ta ratsa farfajiyar kaji, ka zura ta cikin bututun roba, saboda bakin kaji da haƙorin ɓera. In kana da niyyar daɗewa kana kiwon, ka kira mai gyaran wuta ya binne waya ya kafa soket a jikin akurkin.

Fitilar ɗumama 'yan tsaki mai wat 250 ba ta cikin lissafi. Rataye ta a kan ruwa don kada ya daskare hanya ce ta gobara: kaza ta yi fiffika ta ture ta, ko ɗigon ruwa ya taɓa ƙwan fitilar ya fashe a kan ciyawa.

Faifan hita da kwano mai waya

Mafi sauƙi shi ne faifan hita, wani zagayayyen gindi na ƙarfe da ake ɗora mazubi a kai, mai cin wat 100 zuwa 125. Yana da na'urar da ke kunna shi in sanyi ya kai wajen digiri 2. Don mazubin ƙarfe aka yi yawancinsu, kada ka ɗora na roba sai in kwalin ya ce ya halatta. Ka kafa shi a kan faffaɗan dutsen daɓe ko bulo, a daidaice. In ya karkata ruwan zai riƙa tsiyaya ta gefe har ya ƙare, ya bar maka tudun ƙanƙara. Ka goge ƙura da ciyawa tsakanin faifan da gindin mazubin, don su ke hana zafin hawa. Ka karanta iyakar sanyin da aka rubuta yana ɗauka, da yawa daga cikinsu suna gazawa in an wuce -12.

Kwanon shan ruwan kare mai waya a jiki, mai wat 25 zuwa 60, yana yi wa kaji uku ko huɗu. Illarsa buɗaɗɗen baki: kaji suna tona ciyawa ciki, zakara kuma yana tsoma naman haɓarsa duk sanda ya sha, ya ɗago da shi jiƙe cikin iska mai sanyi. Ka ɗora kwanon a kan bulo har ya kai tsayin bayan kaza, ka kife masa wani abu a tsakiya ya bar siririn zagaye na sha.

Wasu suna haɗa nasu: bulon siminti mai rami a kan dutsen daɓe, ƙwan fitila mai wat 40 a cikin ramin a kan mariƙi na tangaran, faffaɗan tayil a sama, mazubi a kan tayil. Yana aiki a matsakaicin sanyi, amma sai da tsohon ƙwan fitila mai zare, don na LED ba ya ba da zafin kirki. Irin wannan ƙwan ya yi wuya tun da Tarayyar Turai ta fara janye shi a 2009, Amurka kuma ta hana sayar da yawancinsa a 2023. Ƙaramin na cikin tanda ne ake samu. Ƙwan yakan mutu ba sanarwa, kuma duk haɗin da aka yi da hannu kusa da ciyawa yana da haɗarinsa. In kuɗin faifan ba zai gagare ka ba, saye ya fi.

Bokiti mai nipul, don sanyi mai tsanani

Nipul ɗan bakin sha ne mai tsinken ƙarfe, wanda ke sakin ruwa in kaza ta tsattsage shi. Bokiti mai nipul ya fi kowanne riƙe ruwa da tsabta, kuma shi ke hana jiƙewa. Kayan aiki: bokitin galan 5, wato kusan lita 19, na robar da aka amince a zuba abinci, da murfinsa, nipul huɗu na kwance, da hitar da ake nutsarwa a ruwa, mai wat 250 ko ƙasa, wadda aka rubuta ta dace da mazubin roba kuma tana kashe kanta.

Nipul ɗin dole na kwance, wanda ake ɗaurawa a gefen bokiti. Na tsaye da ke lilo a gindi kullum yana riƙe da ɗigon ruwa a bakinsa, ɗigon nan ya daskare ya kulle shi ko da ruwan ciki na da ɗumi. Masu ɗan kofi ma haka, ruwan kofin ba ya samun zafin hitar.

Ka kwantar da hitar a gindin bokitin tukuna ka ga inda tsayinta ya tsaya. Ramukan nipul su kasance sama da nan da kamar santimita 2 ko 3. Dalili: kaji ba za su iya shanye ruwan da ke ƙasa da layin nipul ba, saboda haka hitar ba za ta taɓa zama a bushe ba, ko da ka makara wajen cikawa. Ka huda da bakin na'ura mai girman da aka rubuta a ledar nipul ɗin, galibi 11/32 ko 3/8 na inci. Ka murɗa su da hannu har su kama, ɗan tiren da ke bakin nipul ɗin yana ƙasa; in ka matsa da ƙarfi robar za ta tsage. Ka yanke ɗan gurbi a gefen murfin don waya. Gurbin nan shi ne kuma kafar iska, in murfi ya rufe ruf ba iska, ruwa ba zai fito ba. Cika shi, ka bar shi awa guda a kan busasshen wuri ka ga ko yana yoyo. Sannan ka ɗora shi a kan bulo yadda nipul zai zo daidai kan kaza tana tsaye, ka sa wa gajeru matakala.

Kada a yi amfani da hitar tankin kifi ta gilashi. An yi ta ne ta riƙe ruwa da ɗumi a cikin ɗaki, tana cin wuta a banza, tana kuma fashewa in ruwa ya janye ya bar ta.

Koyar da kaji shan nipul aikin watan Oktoba ne, ba na tsakiyar Janairu ba. Ka ɗauke sauran mazubai da safe, ka riƙa taɓa ƙarfen nipul ɗin da yatsa har ruwa ya taru a tiren suna kallo. Da ɗaya ta gane, sauran za su bi ta. Ka yi alama a jikin bokitin: kaji shida ya kamata su rage lita ɗaya da rabi zuwa uku a wuni. In bai sauka haka ba, wasu ba sa sha, ka mayar musu da baho ka sake gwadawa.

Game da kuɗin wuta, hita mai wat 125 da ta kwana ta wuni a kunne yunit 3 take ci, mai 250 kuma yunit 6, amma mai kashe kanta ba ta kaiwa haka. In taka ba ta da wannan na'urar, akwai ɗan fulogi mai suna Thermo Cube da ake sawa a tsakani. Samfurinsa na TC-3 yana kunnawa a digiri 35 na Farenhait ya kashe a 45. Wannan lissafin ne kuma ya sa ƙaramin faifan sola ba ya ɗaukar aikin: bukatar tana kaiwa ƙololuwa a watan da rana ta fi ƙaranci.

In ka tarar ya daskare duk da hita

Fara ba kajin ruwan ɗumi a baho, sannan bincike. Sau da yawa soket ne ya yanke saboda laima ta shiga mahaɗa. Ka cire, ka busar, ka gyara akwatin kafin ka mayar. In ya sake yankewa nan take, hitar ko wayar ta lalace, a daina amfani da ita. In wuta na zuwa amma ba zafi, ka sa hitar ko ɗan fulogin a firiza na rabin awa, ka fito da shi ka jona. In bai kama ba, ya mutu. Irin wannan gwajin ya kamata a yi shi kowace kaka kafin sanyin farko. In ruwan bokiti lafiya amma nipul ya kafe, iska ce ke bugunsa kai tsaye, ka juya bokitin ko ka ƙara kariya, ka narkar da shi da ruwan ɗumi daga buta. Kowace safiya ka danna kowane nipul da yatsa, don bokitin da ke cike ba shaida ba ce cewa ana sha.

Kazar da sanyi ya riga ya ci mata zanko ko yatsu, a shigar da ita wuri mai ɗumi ta warware a hankali. Ba a murza wurin, ba a yanke baƙin da ya fito, ba a kuma kanga ta da wuta. A ware ta daga masu tsattsagarta, in ya kumbura ko ya yi ruwa a kai ta wajen likitan dabbobi.

Wuta ma tana ɗaukewa a can, kuma ta fi ɗaukewa lokacin guguwar ƙanƙara, kamar yadda miliyoyin gidaje suka gani a Teksas a Fabrairun 2021. Saboda haka ko da kana da bokiti mai hita, baƙin baho biyu su zauna a ajiye. In wuta ta ɗauke, ka zare hitar daga bokitin ka juye ruwan tun bai daskare ya tsaga shi ba, ka koma tsarin sauyawa sau uku a wuni. In tafiya ta kama ka, ko ta kwana ɗaya ce, ka nuna wa wanda zai duba maka kajin inda maɓallin soket yake da inda bahon yake.